Kawuna da Motar da Ya Hana Tafiya Dirku

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kawuna dai ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na tsohon garin Agadas, bayan jinyar da ba ta kai wata ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Mutane sun zo, ba laifi. Amma ni na tsaya a bakin zaure ina duban fuskoki, na san wanda ya zo, na kuma san wanda ya ƙi. Innata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai ninke tabarmar sallarsa take yi tana warwarewa. Matarsa kuwa, duk wanda ya durƙusa gaisuwa sai ta gaya masa lemun Timiya ya nema a ranarsa ta ƙarshe, ga shi ba lokacinsa ba ne, kamar tana neman wanda zai ce mata ba laifinta ba ne. Masu lambun albasa na Tabelot sun iso washegari cike da mota guda, wani dattijo a cikinsu ya kama hannuna ya riƙe gam. Tsohon maƙerin da suke shan shayi tare ya ce yanzu kam sai a yi ta sayen sababbin kaya ana liƙa wa motoci, tunda mai sauraronsu ya tafi. Shoferorin sahara, waɗanda ya yi shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocinsu, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ne kafin a yi masa salla. Liman ya juyo, kamar yadda aka saba, ya roƙi duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Sai surukina, uban matata, babban ɗan kasuwa mai motocin hanyar Kawar, ya gyara wuyan rigarsa ya ɗaga murya yadda sahun baya zai ji.

"Ni dai abin da ya yi mini, na yafe mishi duniya da lahira."

Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa Alhaji ya yi halin manya. Ni kuwa na yi sallar nan ban san me nake karantawa ba. Mutumin da ya kashe sunan kawuna tun yana raye, shi ne ya zo ya tsaya a kan gawarsa yana rabon gafara. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ta'aziyya ce, amma ba zan ɓoye ba, da fushi nake yin ta, kuma ina so ta yi wa wani ciwo.

Kawuna makanisiye ne, bai taɓa taka ƙofar lakkol ba, wato makarantar boko. Garajinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya da wani benci mai ƙafa uku, ta huɗun dutse ne. Ba ya taɓa mota sai ya zaunar da shofer ya ba shi shayi, sannan ya shiga tambaya kamar alƙali: ina ka sha esansi, wato fetur, yaushe take yi maka, da sanyin safe ko da rana tsaka, da kaya ko fayau. Masu gaggawa da yawa sun tashi sun bar masa shayinsa, bai taɓa kiran ko ɗaya ya dawo ba. Yakan ce mini, "Mota ba ta ƙarya, amma ba ta magana. Shofer shina magana, amma shina ƙarya. Aikinka ka zaunar da su wuri guda."

Yana da wani dogon turnabis, ƙarfen kwance kusa, da yake ɗora bakinsa kan moter, wato injin mota, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. In yana haka ko gwamna ne ya yi sallama ba zai amsa ba. In kuma yana zargin iska na shiga moter ta inda bai kamata ba, sai ya zuba garwashi a tsohon gwangwanin madara, ya barbaɗa turaren wuta da ya sato daga ɗakin matarsa, ya hura hayaƙin ta tiyo, ya tsaya yana jiran inda zai ɓullo. Shi ya sa motocin da suka fito daga hannunsa suke ƙamshin ɗakin amarya, shoferori na tsokanar juna da haka a tasha. Matarsa ta ɓoye turaren nan a wurare sun fi goma, duk ya gano su.

Ba mai sauƙin hali ba ne, kada wani ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Ya taɓa wata biyu ba ya gaisa da innata saboda ta ce rigarsa na warin mai a wajen suna. Amma a shekarar fari, da rijiyoyin Tabelot suka ja baya, injinan ban-ruwa suka riƙa tsotson yashi suna mutuwa, rufe garajin ya yi ya tafi ya kwana tara a lambuna yana kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo da ciwon baya da buhun albasa guda, ya raba wa unguwa.

Shi ya rene ni bayan rasuwar babana. Da na girma na tafi Yamai koyon gyaran motocin zamani, na dawo da baliz, wato ƴar na'urar nan da ake jona wa mota ta nuna lambar abin da ke damunta. Ina ji da kaina sosai lokacin. Kawu ya juya ta gaba da baya, ya sa mata suna akwatin duba, ni kuma ya koma kirana Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da faransanci. Bai raina ta ba, ya dai ƙi yarda ta fi shi kunne.

A shekarar nan ce, wadda damina ta ƙi kuma sojoji suka karɓi mulki, na yi aure. Hatsi ya yi wuya ko'ina, a Kawar kuwa abin ya fi muni, wanda duk ya kai gero Dirku ya san ba zai dawo da shi ba. Ba a bin hanyar sai cikin ayari da rakiyar sojoji, wanda ayari ya tashi ya bari sai ya jira wani. Surukina yana da wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ta ci hanya har lambobin nisanta sun daina juyawa. Ita za a loda wa gero zuwa Dirku, saura kwana biyu ayari ya tashi aka kawo ta garajinmu.

Shoferinta mutumin kirki ne, mai ƴaƴa uku da tsohuwar uwa. Ya ce a cikin gari lafiya take, amma da ya ɗora kaya ya taka ta, sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta yi tari, sannan ta zabura. Ga kuma fitilar moter ta kunnu a gabansa ta ƙi mutuwa. Na jona baliz, na karanta da ƙarfi da faransanci don kowa ya san na yi karatu, sannan na fassara: iska ta yi yawa, esansi ya yi kaɗan. Na ce na'urar auna iska ce ta gaji, a canza ta.

Kawu ya kurɓi shayinsa. "Mushe, akwatinka ya ce mota na jin yunwa. Bai ce wa ya hana ta abinci ba."

Yini guda ya yi a kanta. Ya hura hayaƙinsa, bai ɓullo ko'ina ba, ya ce to ba iskar sata ba ce. Ya cire na'urar da na ɗora wa laifi, ya wanke ta, ya mayar, ba abin da ya canza. Ya sa aka loda buhunan yashi a baya, ya shiga kusa da shofer, suka fita bayan gari da rana tsaka, inda hanya ke hawa. Da suka dawo ya kwanta ya manna kunnensa a jikin rezarbuwar, wato ma'ajiyar esansi, ya daɗe yana sauraron kukan pompon da ke ciki. Sannan ya zare tiyon esansi ya sa a kwalba, ya ce a kunna. Esansin ya fito da ƙarfi, can sai ya riƙa raguwa har ya koma kamar fitsarin tsoho. Ya kwance filtir, ya yanka shi biyu da zarto, ya buɗe mana a tafin hannunsa. Cikinsa dam yake da wani burbushin zare, shuɗi.

Ya dubi shofer ya tambaye shi da me yake tace esansi in ya saya daga tano, wato ganga, a kan hanya. Mutumin ya jawo wani tsohon rawani daga ƙarƙashin kujera, wanda ya ruɓe har ana ganin rana ta cikinsa. Duk shoferan sahara haka suke yi, a ɗora rawani a bakin bido, wato jarka, don kada yashi ya shiga. Yashin bai shiga ba, rawanin ne ya yi ta shiga kaɗan kaɗan shekara da shekaru. Kawu ya ce abin da ya kai filtir ragowa ce, uwar tana can ta toshe rariyar pompo, kuma pompon ya ƙone rabi saboda wahalar ja. Sai an sauke rezarbuwar, an wanke, an sa sabon pompo. Ba a samu irinsa a gari ba, sai an aiko daga Damagaram, kwana huɗu.

Da yamma surukina ya zo da kansa. Ya ce ayari ba zai jira pompo ba, a sa sabon filtir a kashe fitilar nan, in an dawo a yi sauran. Kawu ya ce sabon filtir zai ruɗe ta ta yi kyau a cikin gari, amma a Tenere, cikin zafi da yashi mai laushi, pompon zai mutu. Suka yi ta yi har maƙwabta suka taru. Surukina ya ce masa tsoho mai taurin kai, wanda zamani ya wuce. Kawu bai zage shi ba, ya dai tsaya a gaban motar ya ce:

"Alhaji, wagga mota in ta shiga sahara ba ta fitowa. Da hannuna ba ni sallamar ta. In ka matsu, hau ka tuƙa da kanka."

Surukina ya sa aka fitar da motar aka kai gidansa. Washegari da safe ya aiko a kira ni, ya ce in zo da akwatina.

Nan ne nawa laifin, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Wata uku da aurena. Wanda ya san garin nan ya san yadda mutum yake a gaban uban matarsa: ba ka haɗa ido da shi, ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci yana gani, balle ka ce masa a'a. Na cire takalmi, na durƙusa, ya nuna mini motar da haɓa. Na sa sabon filtir, na jona baliz, na danna, fitilar ta mutu. Aikin bai kai a dafa shayi ba. Ina naɗe waya shofer ya shigo, ya ga fitila ta mutu, ya yi murna, ya tambaye ni ko tsoho ya samo pompon ne. Kafin in buɗe baki surukina ya amsa daga kan kujerarsa cewa an gama komi, tsoho ya sallame ta. Shofer ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ya san ni ɗan gidan kawu ne, shi ya sa ya yarda.

Abin da muka ji daga baya shi ne motar ta riƙa ja da baya a rana ta biyu, na gaba suka ɗauka tana tare da na baya, na baya suka ɗauka ta wuce. Sai a Dirku aka lura babu ita. Da aka same ta, an tarar da shofer a ƙarƙashinta da wasu fasinja biyu da ba mu ma san danginsu ba. Ya kwance tiyon esansi, ya fara ƙoƙarin sauke rezarbuwar da hannu, igiyoyinta biyu a kwance. Wato ya tuna maganar kawu. Geron kuwa ko buhu ɗaya bai taɓu ba, an kai shi Dirku an sayar.

Da aka fara tambaya, surukina ya ce motarsa daga garajin tsoho ta fito, shi ya duba ta, shi ya ce ta tafi. Wa zai ƙaryata Alhaji? Maƙwabtan da suka ga rigimar duk suka zama kurame, don zamani ne da ba a son a kira sunanka a ofis ko da shaida ce. Masu kaki suka zo suka tafi da kawu, aka sa kwaɗo a garajin. Ranar da aka bar ni na gan shi, na durƙusa zan fara magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya sani, tunda a garin nan akwati ɗaya ne ke kashe fitila. Na ce zan je in faɗa. Ya ce in na faɗa, Alhaji zai zame, ni za a riƙe, ga matata da ciki, ga innata ba ta da kowa sai ni.

"Muddin ina numfashi ba ka buɗe baki. Rantse."

Na rantse. Kuma gaskiya, da sauri na rantse, har da jin sanyi a raina. Wannan ma yau na fara faɗar sa.

Bayan makonni aka sake shi, don ba takardar da ta nuna komi. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Shoferorin sahara suka ɗauke ƙafa, wasu ma in sun hango shi sai su sauya hanya. Mutumin da ake layi a ƙofarsa ya koma gyaran babura da injinan ban-ruwa. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da ido. Ya ci gaba da kirana Mushe, ya raɗa wa ɗana suna, ranar salla kuma in sun haɗu da surukina a gidana ya miƙa masa hannu. Ni wannan haƙurin nasa ya fi duka ciwo, akwai ranakun da na ji haushinsa saboda shi. Surukina kuwa ya ƙara motoci, ya ƙara tumbi, ya je Makka har sau biyu. Duk azumi ni nake zuwa in durƙusa in yi masa barka da shan ruwa.

Uwar shoferin nan tana nan da rai a bayan kasuwar dabbobi. Shekara goma sha huɗu, duk ranar da ta bi ta gaban garajin sai ta tsaya ta tofa yawu, ta ce Allah ya isa. Kawu yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Sau ɗaya na tashi zan bi ta, ya riƙe mini riga, ya ce a bar ta, dole ta sami inda za ta ajiye abin da ke cikinta.

Allah ya jiƙan kawuna, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya ɗauka a madadina ya zama nauyi a mizaninsa. Ya ce muddin yana numfashi, to ya daina.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, na zaunar da matata na gaya mata komi tun daga filtir har zuwa fitila. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta tambaye ni ko zan iya barin maganar a cikin ɗaki saboda ƴaƴanmu, na ce ba zan iya ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ubanta, har yau da nake rubutun nan ba ta dawo ba. Ban ga laifinta ba, ubanta ne.

Daga nan na wuce bayan kasuwar dabbobi. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince wake da lalube, don idanunta sun tafi. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne. Ta ce ta ji tsohon ya mutu, kuma ba za ta yi ƙarya ta ce ta yi baƙin ciki ba. Na zauna a ƙasa na ba ta labarin motar tun daga farko, ban rage ba. Na gaya mata kawu ya tsaya a gaban motar ya hana, na gaya mata wanda ya ce an gama, na gaya mata wanda ya danna na'ura ya dubi ƙasa. Ban je neman gafara ba. Na je ne don na san a garin nan ba kotun da za ta taɓa Alhaji, amma na ga abin da bakin tsohuwar nan ya yi wa kawuna, ina so ya koma inda ya dace.

Ta daina tsincen, hannunta cikin waken. Can ta ce:

"Shekara goma sha huɗu ina kai ƙarar bawan Allah wanga bayan kowace salla. Wa zai maido mini da su?"

Ta ture faifan gefe, ta sa na maimaita mata sunan surukina da na ubansa, ta maimaita har ya zauna mata. Sannan ta tambayi nawa, na faɗa mata, da na babana. Ta juya ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannuwanta biyu, ta fara da Alhaji. Ta roƙi kada Allah ya ɗauki ransa sai ya san ƙishirwar da ɗanta ya sani. Na ce amin da ƙarfi. Ba ta sauke hannu ba, ta kira sunana, ta roƙa mini irin wannan.

Na ce amin.